Sallama Ba Amsa: Nazarin Matsalar Ƙofofin Saba a Ɗakunan Kwamfuta na Mubi

Tsakure

Wannan nazari ya dubi matsalar da ke yawan tsayar da ɗalibai da ma'aikatan kwamfuta a Mubi: a girka saba, a ɗora mata shafi, shafin kuma ya ƙi buɗewa saboda rikicin lambar ƙofa. An bayyana yadda ƙofofin ke aiki, an kasa matsalar gida huɗu, sannan an nuna yadda ɗaukewar wuta da dogaro da layukan waya ke sauya mata kama a wannan gari. Abin da nazarin ya tsaya a kai shi ne, irin amsar da burauza ta dawo da ita tana faɗin inda cutar take, muddin mai gyara ya bi ta daga ciki zuwa waje.

1.0 Gabatarwa

Mubi ta yi suna da kasuwar shanu da cinikin kan iyaka da Kamaru, amma gari ne na makarantu kuma. Akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, akwai Jami'ar Jihar Adamawa da aka kafa a 2002, akwai Kwalejin Fasahar Kiwon Lafiya. Duk shekara ɗaliban kwamfuta na rubuta furojet na ƙarshe, da yawansu kuma manhaja ce da ke buɗewa a burauza: ta rajistar ɗalibai, ta lissafin kantin magani, ta ajiye sakamakon jarrabawa. Tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan ta kwamfuta a 2015, cibiyoyin koyon jarrabawa ma suka yawaita, kowace da saba guda da ke raba tambayoyi ga kwamfutocin ɗaki.

Duk waɗannan ayyuka sun rataya ne a kan wata 'yar lamba da ba a cika koyar da ita da kyau ba. Masu sana'ar na kiran ta "fot". A nan za a kira ta ƙofa, domin aikinta ke nan. Saba kuwa, wadda wasu ke kira uwar garke, ita ce kwamfuta ko manhajar da ke zaune tana jiran a nemi shafi ta miƙa.

2.0 Yadda Ƙofa Ke Aiki

Adireshin IP yana kai saƙo ne zuwa gida. Amma kwamfuta gida ce mai mutane da yawa, kowa da harkarsa, don haka dole saƙo ya faɗi ƙofar da yake nema. Ka'idar TCP, wadda aka rubuta a takardar RFC 793 a 1981 kuma ARPANET ta koma amfani da ita ranar 1 ga Janairu 1983, ta ware wa wannan lamba gurbi 16 na lissafin kwamfuta. Shi ya sa ƙofofin suka kama daga 0 zuwa 65535. Hukumar IANA ce ke riƙe da rajistarsu, ta kuma kasa su uku: daga 0 zuwa 1023 sanannun ƙofofi ne, daga 1024 zuwa 49151 na masu rajista, sauran kuma na aro ne, kwamfuta ta ɗauka ta yi magana ta mayar.

Ƙofa ta 80 ta HTTP ce, ka'idar da Tim Berners-Lee ya tsara a cibiyar CERN. Ta 443 ta HTTPS ce, wato maganar da aka kulle. Ta 22 ta shiga saba daga nesa ce, 3306 ta rumbun bayanai na MySQL, 8080 kuma Tomcat ya saba zama a kanta. Idan mutum ya rubuta adireshi bai sa lamba ba, burauza ce ke cike masa 80 ko 443 a ɓoye. Wannan ɓoyewar ce ta sa mutum zai shekara yana hawa intanet bai san da ƙofa ba, sai ranar da ta rufe.

Kafin a fara magana, TCP na yin gaisuwa mai hawa uku. Baƙo ya yi sallama, mai gida ya amsa, baƙo ya nuna ya ji amsar. Mai gyara ya riƙe wannan da kyau, domin sallama na ƙarewa ne ta ɗayan hanyoyi uku. Ko a amsa a shigar da kai. Ko a leƙo nan take a ce babu kowa, abin da burauza ke nunawa da ERR_CONNECTION_REFUSED. Ko kuma ka yi ta rafka sallama shiru, har ka gaji, burauza ta ce ERR_CONNECTION_TIMED_OUT. Wanda aka ce wa babu kowa ya isa gidan, ƙofar ce ba mai tsaro. Wanda ya ji shiru kuwa, galibi muryarsa ba ta kai ba, an tare ta a hanya ko ya tsaya a gidan da ba shi ba. Waɗannan cututtuka biyu ne, maganinsu ma biyu ne.

3.0 Kashi na Farko: Wani Ya Riga Ka Zama

Ba a sarki biyu a gari ɗaya. A adireshi ɗaya, manhaja ɗaya ce ke sauraro a kan ƙofa ɗaya, wadda ta zo daga baya sai ta haƙura. Wannan ita ce matsalar da ɗalibi ya fi fara gamuwa da ita.

A ɗauki misalin ɗalibar da za ta kare furojet da safe. Da daddare ta ari laftof ɗin yayanta saboda batirin tata ya mutu, ta kwafe aikinta daga filashi, ta buɗe XAMPP, ta danna maɓallin tayar da Apache, sabar da ke cikinsa. Ya yi kore na ƙiftawar ido, ya mutu, jan rubutu ya cika akwatin ƙasa. Da gari ya waye ta garzaya shagon mai gyara.

"Malam, don Allah a sake mini instolin, Apache ɗin ya lalace."

"Ƙanwata, kin karanta jan rubutun kuwa?"

Ba ta karanta ba. Rubutun na cewa ƙofa ta 80 na hannun wani aiki mai lamba 4. A Windows, lamba 4 ta tsarin kansa ce, kuma ma'anarta ita ce wata manhajar Microsoft ta kama ƙofar ta hannun direban http.sys. Yawanci IIS ce, sabar Microsoft, ko sashen rahoto na SQL Server, waɗanda yayan nata ya girka lokacin da yake koyon ASP.NET ya manta da su. Suna tashi da kansu da zarar an kunna kwamfuta, Apache na XAMPP kuwa sai an danna shi, don haka kullum su ke riga shi. Ko sau goma aka sake girka XAMPP, an bar jaki ne ana dukan taiki.

Binciken ba ya cin minti biyu. A Windows, umarnin netstat -ano na jero duk ƙofar da ake sauraro da lambar aikin da ke riƙe da ita, sai a nemi sunan mai lambar a Task Manager. Idan lamba 4 ce, netsh http show servicestate na tona wanda ke bayanta. A Linux, ss -ltnp na yin wannan aiki. A shekarun baya tsohuwar Skype ta yi ƙaurin suna wajen kama 80 da 443, tsofaffin VMware Workstation ma sukan riƙe 443. Haka kuma wanda ya girka MySQL daban zai tarar 3306 ta tafi kafin rumbun XAMPP ya farka.

Mafita biyu ce. A tsayar da mai riƙe da ƙofar idan ba a buƙatarsa, ko a kai Apache wata ƙofa ta hanyar gyara layin Listen 80 a fayil ɗin httpd.conf zuwa 8080, da Listen 443 a httpd-ssl.conf idan ita ma an kama ta. Ta biyun ta fi farin jini don ta fi sauri, amma tana da wutsiya, kamar yadda za a gani a gaba. A Linux akwai ƙarin sharaɗi: ƙofofin da ke ƙasa da 1024 sai mai cikakken iko ke buɗe su, don haka manhajar Node.js da aka ce ta zauna a 80 za ta koka da rashin izini ko da ƙofar fayau take. A tsarin Red Hat da danginsa, SELinux na da jerin ƙofofin da ya yarje wa sabar shafi, duk wadda ba ta ciki sai an shigar da ita da semanage.

4.0 Kashi na Biyu: Mai Gida Yana Ƙurya

Sau da yawa saba na tashi lafiya, shafi na buɗewa a kwamfutar mai shi, amma kwamfutar da ke kusa da ita a teburi ɗaya ba ta ganin komai. Nan ake jin "wallahi a tawa yana yi".

Dalilin shi ne sauraro na da adireshi, ba lamba kaɗai ba. Kowace kwamfuta na da adireshin cikin gida, 127.0.0.1, wanda ake kira localhost, kuma babu mai isa gare shi sai ita kanta. Sabar gwaji ta Django na zama a 127.0.0.1 ƙofa ta 8000, ta Flask a ƙofa ta 5000, Laravel ma a 8000. Da gangan aka yi haka, don kada aikin da bai nuna ba ya fita waje. Mai gidan na nan, amma yana can ƙurya, ba ya jin sallamar zaure. Idan ana son sauran kwamfutoci su shigo, sai a ce wa saba ta saurara a 0.0.0.0, wato ta kowace fuska. Sakamakon netstat na nuna wannan ɓaro-ɓaro: layin da ya fara da 127.0.0.1:8000 na mai shi ne kaɗai, wanda ya fara da 0.0.0.0:8000 na kowa ne.

Akwai kuskuren da ya yi kama da wannan amma ba shi ba ne. WampServer na zuwa da umarnin Require local, wanda ke amsa sallamar baƙo sannan ya hana shi wucewa, burauza ta nuna 403. Duk lokacin da lamba irin 403 ko 404 ko 500 ta fito, ƙofa ta riga ta yi aikinta, domin saba ce ta yi magana. A daina taɓa ƙofa, a koma kan izini ko kan manhajar. Lamba 502 kuwa tana da ƙafa biyu: Nginx, sabar da ke bakin ƙofa, ya amsa, amma da ya juya ya kira manhajar da ke bayansa a 3000 ko 8000, bai same ta ba.

5.0 Kashi na Uku: An Tare Hanya

Idan saba na sauraro ta kowace fuska kuma har yanzu shiru ake ji, to katangar tsaro ce abin tuhuma na farko. Windows na tambaya, ranar da aka fara haɗa kwamfuta da wata hanyar sadarwa, ko ta gida ce ko ta jama'a. Wanda ya zaɓi ta jama'a ya sa katangar ta riƙa watsar da sallamar baƙi ba tare da ta ce uffan ba. A Ubuntu, ufw ke wannan aiki. Wanda ya yi hayar saba a Amazon Web Services kuwa yana da katanga biyu, ta cikin saba da ta kamfanin, kuma buɗe ɗaya ba ya buɗe ɗayar.

A nan ma'aikata da yawa ke ruɗar kansu da ping. Ping na amfani da ka'idar ICMP ne, wadda ba ta san ƙofa ba sam. Yana iya amsawa alhali 80 a rufe take, yana iya yin shiru alhali shafi na buɗewa. Abin da ke gwada ƙofa shi ne Test-NetConnection a PowerShell, ko curl -v, daga wata kwamfutar dabam.

Maganin da aka fi yi a ɗakunan kwamfuta shi ne kashe katangar gaba ɗaya. Shafi kan buɗe, kowa ya yi murna, amma gyaran gangar Auzinawa ne. A watan Mayun 2017 cutar WannaCry ta bi ƙofa ta 445 ta shiga kwamfutoci a ƙasashe da dama, har asibitocin Ingila. A 2016 cutar Mirai ta tara rundunar kyamarori da rautoci ta ƙofa ta 23. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sabar da ke ɗauke da sunayen ɗalibai da lambobinsu amana ce, kuma Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe da su nauyin tsare su. Abin da ya dace shi ne a buɗe ƙofa ɗaya da ake buƙata, ga hanyar sadarwar da ake buƙata, a bar 3306 a kulle, tun da manhajar da ke cikin saba ce kaɗai ke da hurumin magana da rumbu.

Babbar tarewar hanya kuwa ba a cikin ɗaki take ba. Mafi yawan masu hawa intanet a Mubi ta layin waya suke hawa, da hosfot ko ƙaramar rauta mai sim. Mai kanti zai so ya duba lissafinsa daga Yola, a tura masa ƙofa ta 80 daga rauta zuwa saba kamar yadda littafi ya ce, abu ya ƙi. Tushen wannan tsohon ƙaranci ne. Adireshin IPv4 bai wuce biliyan 4.3 ba, kuma IANA ta raba ragowar da ke hannunta a watan Fabrairun 2011. Saboda haka kamfanonin waya ke tara dubban masu layi a bayan adireshi ɗaya, dabarar da ake kira CGNAT, wadda takardar RFC 6598 ta 2012 ta ware wa zangon 100.64.0.0 zuwa 100.127.255.255. Starlink ma, da ta fara aiki a Nijeriya a farkon 2023, haka take yi wa masu tsarin gida. Ka buɗe ƙofar ɗakinka, amma ƙofar gidan hayar na hannun mai gida. Ana gane wannan ta kwatanta adireshin da rauta ke cewa nata ne da wanda shafukan duba IP ke nunawa. Idan sun bambanta, tura ƙofa ɓata lokaci ne. Sai dai a sayi tsayayyen adireshi daga kamfani, ko a yi hayar saba a waje, ko a haƙa rami da irin su Cloudflare Tunnel da ngrok, inda saba ce ke fita ta kama hanya tun da ba a iya shigo mata.

6.0 Kashi na Huɗu: An Sauya Ƙofa Ba A Sanar Ba

Yanzu ga wutsiyar 8080. Apache ya koma sabuwar ƙofa, amma burauza ba ta sani ba, don haka dole kowa ya riƙa rubuta localhost:8080. Maɓallin Admin na XAMPP zai ci gaba da nufar 80 sai an gyara masa nasa saitin. Wasu manhajoji na riƙe da tsohon adireshi: Moodle na ajiye cikakken adireshinsa a config.php, WordPress na ajiye nasa a cikin rumbu, don haka shafin farko kan buɗe, a danna shiga ya mayar da mutum tsohuwar ƙofa, ko ya fito tsirara babu hoto babu ado. Wanda ya kai MySQL 3307 dole ya faɗa wa phpMyAdmin da manhajarsa.

Ba kowace lamba ce ma burauza ke yarda da ita ba. Chrome na ƙin 6000 da 6666 da wasu, ya ce ERR_UNSAFE_PORT, ko da saba na nan lafiya. Ga sabar da ke fuskantar duniya kuwa, barin 80 na da tsada ta dabam. Tun Yulin 2018 Chrome ke yi wa duk shafin HTTP tambarin rashin tsaro, kuma hanyar da aka fi bi wajen karɓar takardar shaida ta kyauta daga Let's Encrypt na buƙatar 80 a buɗe. Takardar na ƙarewa bayan 'yan watanni, don haka wanda ya rufe 80 bayan ya samu ta farko zai wayi gari wata rana shafinsa na korar baƙi da jan gargaɗi.

7.0 Abin da Wuta Ke Ƙarawa

Littattafan da ake koyon wannan fanni da su an rubuta su ne inda saba kan shekara ba ta mutu ba. A Mubi saba na iya mutuwa sau da yawa a yini, tsakanin ɗaukewar wuta da tayar da janareta. Wannan na haifar da cututtuka biyu da ke shigar burtu da kayan matsalar ƙofa.

Ta farko, rauta na raba adireshi ne ga wanda ya fara zuwa. Kafin a ɗauke wuta saba na 192.168.1.5, da aka dawo da ita wayar wani ta riga ta, saba ta koma 192.168.1.9. Kwamfutoci talatin na ta sallama a tsohon gida. Ana magance wannan da ba saba tsayayyen adireshi, aikin minti biyar.

Ta biyu ta fi yaudara. Idan wuta ta yanke MySQL na tsakiyar rubutu, fayilolinsa kan lalace. Da aka sake tayar da shi sai XAMPP ya ce ya mutu ba zato, ya jero dalilan da ka iya jawo haka, kuma toshewar ƙofa ce ta farko a jerin. Mai gyara ya ga kalmar, ya sauya 3306 zuwa 3307, bai warke ba, ya sake girkawa, bayanan zango guda su bi ruwa. Garin neman gira an rasa ido. Da ya buɗe mysql_error.log da ya ga sunan teburin da ya lalace, da ya gudanar da netstat da ya ga babu kowa a 3306. Kafin a taɓa komai a irin wannan hali, a kwafe jakar data a ajiye gefe. Batirin UPS ko ƙaramar inbata mai sola ta fi duk wannan wahala araha.

8.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, tsarin bincike ya fito da kansa, tambaya huɗu a jere. Shin saba ta tashi, kuma me kundin kurakuranta ya ce? Wa ke sauraro a ƙofar, a wane adireshi? Daga kwamfutar maƙwabta, ƙi aka yi ko shiru? Daga wajen gida, adireshin namu ne ko na haya? Kowace amsa na rufe wani sashe na zargi, kuma ba a tsallake ta ciki a tafi ta waje. A sauya abu ɗaya a lokaci ɗaya, a gwada, domin wanda ya sauya uku tare ko ya dace bai san wanne ya yi aiki ba.

Saura abu ɗaya da ba na'ura ke yin sa ba. A ofisoshi da makarantu da yawa, mai yi wa ƙasa hidima ne ko ɗalibin da ya zo koyon aiki ke girka saba. Shi ya san ya kai Apache 8080, shi ya san ya tsayar da IIS, shekara na cika ya ɗauki jakarsa. Mutanen Mubi sun san yadda ma'aikata ke watsewa dare ɗaya, tun ƙarshen Oktoban 2014 da Boko Haram ta shiga garin, makarantu suka rufe, jama'a suka bazu zuwa Yola da Kamaru. Kwamfuta ana sayen wata, amma saitin da ke cikin kan mutum tare da shi yake tafiya. Takarda guda da aka manna a jikin saba, mai ɗauke da adireshinta, da ƙofofin da ke buɗe, da manhajar da ke kan kowace, da ranar da aka sauya da dalili, ta isa ta sa wanda ya gaji aikin ya san ƙofar da zai yi wa sallama. Malaman da ke duba furojet na iya farawa da neman wannan takarda a cikin kowane aiki kafin su sa hannu.